Dutsen Bayan Kujera

"...da gajiyar jiya kuma?" in ji Kaka, ko ɗagowa bai yi ba. "Au, na manta. Mai tafiya da baya ai ba ta gajiya."

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙafa?"

"Ƙafata tana inda na ajiye ta. Ba ta taɓa gangarawa ita kaɗai ba."

Kakana ne na wajen uwa. Yana zaune a kujerar roba a bakin rumfar mota, makullin na rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Da na gama jami'a na samu aikin auna ruwan rijiyoyi a ƙauyukan bayan duwatsu, bisa sharaɗin kowa ya zo da abin hawan da zai kai shi. Kaka ne ya ara mini tsohuwar jif ɗinsa mai fulogi huɗu, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. A cikin gari mun saba da juna, ni da ita: ofis, kasuwa, kai Mama asibiti. Jiya na fara fita daji da ita. A tsakiyar wani tudu ta mutu, ta gangaro da ni da baya, sai tarin ciyawar wani manomi ne ya tare mu. Fitila ɗaya ce kawai ta fashe. Amma har safiyar nan in na rufe ido sai in ga bishiyoyi suna guduna, kuma hannuna ya ƙi daina rawa. Da aka jawo mu gida, Kaka ya zare makullinsa ya rataya a wuya. Gobe kuma dole in koma, domin oga ya ce duk wanda bai kawo ruwan ƙauyensa ba, akwai masu jiran gurbinsa.

Na sauke buhun da na rungumo, ya yi ƙara a ƙasa.

"Mene ne wannan, Amarya? Kayanki kika kwaso? Ai ban sake ki ba tukuna, ina dai neman biro."

"Wa zai zauna da mijin da haƙoransa ke kwana a kofi? Makulli na zo karɓa."

"Wane makulli?"

"Na kunkurun nan naka."

"Giwa! Sunanta Giwa. Ki gyara bakinki, tana ji."

"Giwar da keke ya wuce ta shekaranjiya? Mai keken har ɗago mini hannu ya yi, ya ce sannu da ƙoƙari."

"Ya kai inda za shi, ke ma kin kai. To saurin me? Kabari ake rabo?"

"Kaka, fulogi huɗu ne fa. In na kunna esi, sai ta tambaye ni: sanyi kike so ko tafiya? Zaɓi ɗaya."

"Mai gaskiya kenan. Wace mota ce a zamanin nan za ta zauna ta yi shawara da ke? Kuma da esin kika hau tudun, ko?"

Na kau da kai ina gyara bakin buhu.

"Da esin ta hau! Jama'a ku zo ku ji. Za a hau dutse, Amarya tana shan iska."

"Zafi ake yi."

"To ai kin sha inuwa a cikin ciyawa. Ni duk wannan bai dame ni ba. Fitila ana sayarwa. Ina dutsena?"

Nan ne gizo ke saƙar. Tun ina ƙarama akwai wani baƙin dutse mai faɗi da ke zaune a bayan kujerar direba. Birkin hannun motar ya daɗe da yin ritaya, saboda haka duk inda Kaka ya tsaya sai ya sauko ya tokare taya da dutsen. Ni ban taɓa lura ba, domin a cikin gari a giya nake barinta, kuma titunan a miƙe suke. Ana gobe zan fita daji na wanke motar tas don kada abokan aiki su yi mini dariya. Na kwashe tsummoki, da igiyoyi, da wani takalmi ƙafa ɗaya, na haɗa da dutsen na ba masu kwasar shara.

"Na ɗauka datti ne," na ce.

"Datti! Dutsen da ya halarci bikin uwarki? Shi ya riƙe motar amarya a ƙofar gida, yana nan tsaye har aka watse, ko ruwa bai nema ba."

"Da ka gaya mini ai."

"In gaya miki me? Kin taɓa jin an gabatar da babba ga yaro? Ke ya kamata ki gaishe shi."

"Laifi tudu ne, Tsoho. Ka ba jikarka mota ba birkin hannu. Na ja shi, ya taso har kunnena kamar yana son ya raɗa mini wata magana."

"Yana raɗa miki ki sauka ki sa dutse."

"Ana gangarawa zan sauka?"

"Ni nakan sauka."

"Kai da kake neman taimako kafin ka tashi daga tabarma?"

"Wannan soyayya ce, don ki riƙe hannuna nake yi. A zamanina na taɓa sauka daga Giwa tana gudu, na sa dutse, na sha shayi, na koma ban kashe inji ba."

"A zamaninka ai ba a ƙirƙiro tudu ba."

"Mu muka tara su! Kafin mu duniya a shimfiɗe take kamar faranti."

Na kwance bakin buhu. Da asuba na je wurin masu fasa dutse a bayan unguwarmu, na zaɓo wanda na ga ya fi kama da na da. Na mirgino shi gaban ƙafarsa.

"Ga wani na kawo maka. A yafe."

Ya leƙa shi kamar wanda aka kawo wa surukin da bai yi masa ba.

"Ɗan gidan waye?"

"Dutse ne, Kaka."

"Na ga dutse ne. Ina ya taɓa aiki? Wace mota ya taɓa riƙewa? Ko shi ma digiri gare shi, ba gogewa?"

"Ai sai an ɗauke shi zai goge. Haka kuke yi mana, ku ce sai mai gogewa, kuma ku ƙi ba mu wurin gogewar."

"Ji bakinta. Fari ne ma. Farin dutse rago ne, da ya ji nauyi sai ya dare."

"Kai ma ai kanka fari ne."

"Shi ya sa ba na tokare mota da shi."

Ya miƙo mini kofinsa in ƙara masa shayi daga fulas. Na karɓa na fara zubawa, sai bakin fulas ɗin ya riƙa buga kofin, ƙwas-ƙwas-ƙwas, shayi ya zuba a yatsuna. Na yi ƙoƙarin ɓoyewa. Ya gani. Ya daɗe yana kallon hannun, bai yi dariya ba.

"Kin yi barci?"

"Kaɗan."

"To ki zauna a gida. Aiki ba ya ƙarewa a duniya. Jika kuwa, irinki mai rashin kunya, guda ɗaya Allah ya ba ni."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tuna watannin da na yi ina yawo da takardu a ambulan daga wannan ofis zuwa wancan, har masu gadi suka san ni.

"In na zauna gobe, na zauna kenan, Kaka. Tsoro nake ji, ba ƙarya. Amma zan koma."

"Da wace motar?"

"Da kunkurunka."

"Giwa ba ta fita da matsorata. Tana jin warin tsoro kamar doki." Ya dafa gwiwa ya miƙe, muryar tsiyarsa ta dawo. "Matsa ki ga yadda masu abu ke yi da abinsu. Lokacin ɗumama ta ya yi."

Kowace safiya sai ya tayar da ita ta yi ɗumi, ko za a fita ko ba za a fita ba. Ya ciro makullin daga wuya, ya hau da ƙyar yana nishi, ya taka kuloci, ya fitar da ita daga giya, ya murɗa. Ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta kama, duk jikinta na kaɗawa. Ya ja birkin hannu don sabo, ya sauko yana murmushi.

"Kin ji murya? Ko a rediyo albarka."

"Na ji. Kamar ana jan gado a kan siminti."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Kawo yaron naki in duba shi a rana."

Ya sunkuya ya rungumi dutsen da hannu biyu, ya fito da shi tsakar gida yana jujjuya shi.

"Kin gani? Ba shi da mazauni. Dutsen kirki yana da gindi. Wannan ko kaza ba zai..."

Tsakar gidan Kaka gangare ne, daga rumfa har zuwa tankin ruwan da ke kan ƙafafun ƙarfe kusa da ƙofa. Ina kallon bayansa sai na ga inuwar rumfa tana zamewa daga kan motar. Na ɗauka idona ne, irin na daren jiya. Sai na ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya.

"Kaka."

"Kar ki katse ni, ina koyar da ke ilimin da ba a..."

"Kaka, Giwarka ta tafi!"

Ya waiwaya. Motar tana tahowa da baya a hankali, ƙofar direba a buɗe tana lilo, ta nufi tankin kai tsaye.

"Ke! Tsaya! Tsaya, don ubanki!" Da motar yake. Ya yi taku biyu da dutsen a ƙirji, ya rasa inda zai ajiye shi, ya tsaya yana juyi. "Amarya, karɓi, a'a, bari, wayyo tankina!"

Ban san lokacin da na yar da fulas ba. Na bi ta a guje, na kama sitiyari da hannu ɗaya, takalmina ɗaya ya fice, na faɗa kujera a karkace na danna birki da ƙafar da ba takalmi, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ta yi tsalle ta tsaya. Na taka kuloci, na sa giya ta ɗaya, na kashe inji, sannan na saki ƙafa a hankali. Ba ta motsa ba. Na leƙa madubi. Tsakanin bayan motar da ƙafar tankin bai fi tafin hannu ba.

Na zare makullin na damƙe shi. Na duba hannun da ke riƙe da makullin, yana nan cak.

Kaka ya ƙaraso yana haki, har yanzu da dutsen a rungume.

"Gwada ki nake yi," ya ce.

"Allah?"

"Da gangan na sake ta. Jarrabawa ce."

"Shi ya sa ka ce wayyo tankina?"

"Yana cikin jarrabawar."

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ashe Giwa ba ta san mai ita ba. Kai ma da esi ka hau?"

"Fushi take yi an yar mata da ɗan'uwa."

"To ka sa mata wannan mana. Ka tsaya kana rungume da shi kamar an ba ka jariri a gidan suna."

Ya dubi dutsen, ya dube ni. Ya durƙusa da ƙyar ya cusa shi bayan taya, ya daddanna shi da dunduniya.

"Na ɗauke shi gwaji," ya ce. "Ba albashi."

"Ni kuma fa?"

"Ke ba ni makullina."

"Zo ka karɓa. In ka iya kamo ni, naka ne. Ka dai ga gudun da na yi yanzu."

"Fashi da rana tsaka! A gidana!"

"Kuma yanzu za mu wurin bakanike a gyara birkin hannun nan. Kai za ka yi masa bayani da bakinka, ko ni in ba shi labarin yadda wani tsoho ya yi wa motarsa ihu ta tsaya."

"Ba za ki faɗa ba."

"Har da Mama. Har da abokan hirarka na bakin titi. Zan ma kwaikwayi muryar."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai dariya ta ƙwace masa. Ya dafa jikin motar yana yi har da tari, hawaye na bin gemunsa.

"Allah ya isa tsakanina da uwarki da ta haifo mini ke," ya ce yana share ido. "Riƙe, riƙe abinki. Na ba ki. Amma saura ki hau mini tudu da esi."

"Sai dai in narke."

"Ki narke. Ɗauko takalminki, ki zo ki ɗora ni. Kuma ki bi a hankali, akwai tsoho a ciki."