Takardar Ziyarar Garkuwan Iska

Ranar Litinin, 6 ga Janairu, 1992, da ƙarfe goma da kwata, na fara ganin Alhaji Yamusa Baƙo. Gwamnati ba ta cika wata guda da tasowa daga Legas ba, shi kuma ya iso bayan motar fayil-fayil, kujerarsa mai juyawa ɗaure a saman mota. Shi ne shugaban sabon sashenmu na hana hayaniya da ƙura da hayaƙi a wuraren gini. Ni ne akawu. Mu biyu ne sashen.

Allah ya yi mutum a nan. Direbobi suka raɗa masa Garkuwan Iska. Ya ji, ya zaci sarauta ce, ya ce a riƙa bugawa a ƙarƙashin sunansa.

"Malam Sale," yakan ce mini, "a Legas, injin da ya ji takuna rage murya yake yi. Abuja ma za ta koya."

Ƙorafi na farko daga Lucia ya zo, wata manomiya a ƙauyen Gbagyi da ke bayan Apo. Rogo take shanyawa a kan falalen dutse, shi ne cimar gidanta har kaka. Aka kafa injin fasa dutse da tukunyar kwalta a gefenta. Shanya biyu ta zubar saboda tsakuwa da warin hayaƙi. Saura ta uku, kuma daga ita gonar ta ƙare.

An ce yaƙi ɗan zamba ne, amma Garkuwa mutum ne mai ladabi, ba ya faɗa wa kowa bagatatan. Sai na buga takarda zuwa wurin injin: ranar kaza Shugaba zai zo duba aiki. Thaddeus, shugaban leburorin wurin, ya iya karatu. Ranar, tun da safe tankar ruwa ta jiƙa hanya, aka kashe inji, aka kashe wutar kwalta, leburori suka jeru a inuwa kamar masu zaman makoki. Garkuwa ya sauko, ya ɗaga farin hankici sama minti biyu cif, don na duba agogo, sannan ya nuna wa jama'a.

"Ina ƙurar? Ni kimiyya nake bi, ba jita-jita ba."

Ziyara tara na rubuta a rajista, tara ɗin duka "ba a samu komai ba". Ƙorafi kuwa ya kai talatin da ɗaya. Na lura kowace takardar ƙorafi da ranar ziyarar da take roƙo. Malamin firamare yana son ranar jarrabawa. Wani yana son ranar sunan 'yarsa. Garkuwa na sauka, matan ƙauyen suke rangaɗa guɗa.

"Ka gani? Talaka ya san mai ƙaunarsa," in ji shi.

A ziyara ta goma ya gayyato Darakta, Hajiya Rakiya, ta ga yadda ake sonsa. Ya yi jawabin minti arba'in da biyu a kan huhun ƙasa. Yana gamawa Lucia ta matso, ta durƙusa.

"Oga, Allah ya saka maka. Amma rogo kwana uku yake so, kwana ɗaya ba ya bushe. Ka rubuta musu kana zuwa kwana uku. Ba sai ka wahala ka zo ba ma, takarda ya isa."

Jama'a suka gyaɗa kai. Hajiya ta miƙo hannu ta karɓi rajistata, ta karanta ta tun daga Apo har ofis.

Washegari ta ba ni sabon tsari: takarda za ta ce Shugaba zai zo a ɗaya daga cikin ranaku uku, ba a faɗi wacce ba. Motarmu kuma aka ba wa wani sashe.

Lucia ta kwashe rogonta ranar Alhamis, fari tas. Da Thaddeus ya ga takardun ba sa yankewa, ya gaji da kashe inji, ya mai da tukunyar kwalta bayan tsauni, ya sa tanka tana jiƙa wurin kullum.

Alhaji Yamusa bai sake fita duba aiki ba. Ya yi ritaya a Disamba 1996, yana Zariya, lafiyarsa lau. Ya bar mana takardu ɗari biyu masu ɗauke da sunansa, Hajiya ta ce a ƙarar da su. Wata bakwai muka yi muna aikawa. A rajistata, aiki bai ragu da komai ba.