Ɗankwalin Hajiya a Hanyar Bakin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan da na ɗauki surukata a mota marar rufi ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Sterling, garin da nake zaune a Amurka, ba za su bar ni ba. A lokacin ma ba ta zama surukar tawa ba tukuna. Hukuncinta ake jira.

Bari in faro daga inda ciwon ya kama ni. Shekarata ta biyu a Amurka ina tuƙin motar haya, ina kwaso fasinja daga filin jirgin Dulles. Sanyi ya gallabe ni. Ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, rana kuwa ko ta fito haske ne kawai, babu zafi. Wata rana wani dattijon Bature da zai sauka ya miƙo mini faifan CD, ya ce in riƙe, ya ga alamar ina bukatarsa. Tsofaffin waƙoƙin samarin California ne, muryoyi huɗu ko biyar a haɗe, ɗaya siririya can sama, jita tana rawar ɗari a ƙarƙashinsu. Ba su da zance sai na rana, yashi, igiyar ruwa da mota mai gudu. Ni da na baro ranar Kano ina tsine mata, sai ga ni a bakin danja ina share hawaye don wasu Turawa suna yabon rana. Gaskiya waƙoƙin nan su suka fitar da ni daga sanyin shekarar, kuma har yau ina ƙaunarsu.

Da a sauraro na tsaya, da lafiya lau. Amma ina! Na sayi riga mai furanni. Na sayi baƙin tabarau. Har dogon allon nan da ake hawa igiyar ruwa da shi na saya, na hannu (ni da ko a kududdufin unguwarmu ban taɓa yin iyo ba). Na jingine shi a falo ina kallo ina jin daɗi.

To, ina neman auren Nafisa, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a garin Bowie gidan wanta, Yaya Bashir. Mahaifinsu ya rasu, don haka maganar tana hannun Hajiya mahaifiyarsu, ita kuma ta ce ba ta ba da 'yarta ta waya. Da zafi ya shigo ta taso daga Kano don ta gan ni da idonta. Yaya Bashir ya ja ni gefe ya ce, "Ka ga, Hajiya ba ta son mai rawar kai. Ka nutsu kawai, that's all."

Na ce, "Haba Yaya, ni ne fa."

Lahadin da ta biyo baya 'yan gida suka shirya cin abinci a wani wurin shaƙatawa a bakin ruwan Chesapeake. Ina jin an ce bakin ruwa kaina ya kwance. Na je na yi hayar jar mota mai rufin da ake naɗewa, na zura allona a kujerar gaba, rabinsa yana sama, yadda rufin ba zai rufu ba ko da na so. A raina na ce yau Hajiya za ta san 'yarta ta samu wayayye.

Da na isa Bowie motar Yaya Bashir ta cika da mata da kuloli. Ya dubi motata, ya dube ni. Ya ce, "Hajiya ta fi son sarari saboda gwiwarta. Ka tafi da ita a hankali." Hajiya ta fito cikin shuɗin leshi, ta kafa ɗauri mai kyau, ga siririn mayafi a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Aka zaunar da ita a baya, aka ɗora mata tukunyar dambun da ta ce ba mai riƙe mata.

Ina zama na ɗaga ido, sai ga fuskar Hajiya ɓaro-ɓaro a madubin tsakiya. Yaya za a yi in yi tafiyar minti arba'in ina haɗa ido da surukata? Ba a haife ni haka ba. Na sa hannu na murɗe madubin sama, ya koma kallon gajimare. Har yaba wa kaina na yi.

Shirun ya yi mini nauyi, na ce, "Hajiya, ko in sa ɗan sauti?"

Ta ce, "Ba komai."

(Duk wanda ya tashi a Kano ya san "ba komai" ɗin tsohuwa ba izini ba ne. Ni ma na sani. Ranar ce dai.)

Muka hau babban titi. Iska ta fara cinye waƙar, na ƙara murya. Ta ƙara cinyewa, na ƙara. Rana tana dukan ƙeyata, samarin California suna rera tasu, ni kuwa ina kaɗa yatsu a sitiyari, ji nake duk jihar Maryland ba mai sa'ata. Can na hango wani shuɗin abu a madubin gefe ya tashi sama, ya yi juyi biyu, ya faɗa gaban wata tirela. Na ce a raina, mutanen nan da zubar da leda a titi.

Daga baya na ji cewa Hajiya ta kira ni sau uku. Sunana sunan mahaifinta ne, ba ta iya faɗa, sai "mai sunan Malam" take cewa, shi ma ƙasa-ƙasa. Ba za ta ɗaga murya ba, ba za ta taɓa kafaɗar saurayin 'yarta ba, hannunta kuma duka biyu suna kan murfin tukunya. Ita tana jin kunyata, ni ina jin kunyarta, iska kuwa ba ta jin kunyar kowa.

Mu muka isa ƙarshe. Jama'a sun cika rumfa, 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Ghana, har da dattawan masallaci a kan kujeru. Na shigo a hankali da kiɗana don kowa ya gani. Na ga kuwa kowa ya miƙe yana kallo, ba mai ko motsi. Na fito ina gyara tabarau, na zagaya na buɗe ƙofar baya, kaina a sunkuye na ce, "Mun iso, Hajiya."

Da na ɗago sai na ga babu ɗankwali, babu mayafi. Abin da ke kan Hajiya tawul ɗina ne na bakin ruwa, ruwan lemo, mai hoton wani ƙaton kifi sanye da tabarau. Ta lalubo shi a kujera ta rufe furfurarta, ta danne gefensa da haɓa. Idanunta sun yi ja suna zubar da ruwa. Dambun kuwa ko ƙwaya ɗaya bai zube ba.

Nafisa ta rugo tana cewa, "Innalillahi! Umma, ina ɗankwalinki?"

Hajiya ta ce, "Yana hanya."

Wani dattijo ɗan Ghana ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Mata suka kewaye ta da mayafai. Ni dai ina tsaye riƙe da ƙofa, waƙar tana ta yi, na rasa ma yadda ake kashe ta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na waiwaya wajen ruwan ko zan samu mafaka, sai na gan shi shimfiɗe lumui kamar ruwan randa. Ashe wurin babu igiyar ruwa. Allona ya zo a banza.

Ban ci komai ba ranar. Na zauna bayan rumfa na tabbata na rasa Nafisa, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don tsohuwar nan ba ta yi mini komai ba na tozarta ta a gaban maza.

Bayan la'asar aka ce Hajiya tana kirana. Na durƙusa nesa. Ta ce, "Mai sunan Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Me ya sa ka juya madubin nan?"

Na ce, "Hajiya, nauyinki na ji. Ban iya haɗa ido da ke ba."

Ta dubi Yaya Bashir ta ce, "Yaron nan wauta ce ta yi masa yawa, amma an yi masa tarbiyya. Wautar kuwa, Nafisa za ta iya da ita." Ta sake juyowa ta ce, "Masu waƙar nan, maza ne ko mata?"

Na ce maza ne.

Ta ce, "Allah Ya kyauta."

An ɗaura aure bayan wata huɗu. Tawul ɗin ta tafi da shi Kano, an ce duk baƙuwar da ta zo sai ta fito da shi ta ba da labari. Allon yana bayan gidanmu, Nafisa tana shanya barkono a kai. Faifan yana nan, ina sa shi in ni kaɗai ne a mota. Kunya dai ban daina ba, amma na gane cewa in ka ɗauki mutum a bayanka, komai girmansa, ka riƙa leƙa madubi kana duba ko da sauran ɗankwali a kansa.