Buzun Limamin Goronyo

Matso kusa, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce. Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ɗiyar wana a Goronyo ba.

Zamanin Turawa ne, bayan an dawo daga yaƙin Bama. Ina noman albasa a Kwargaba, kuma ni mutum ne mai son gida, zaurena ya ishe ni duniya. Tun ƙuruciya nake fama da tsargiya, ta shiga ruwan fadama. Da na haura arba'in sai fitsari ya fara ɗigo mini. In na yi tari, ɗigo. In na ɗaga buhu, ɗigo. Alwala ba ta kai ni daga Azahar zuwa La'asar. Wajen iyali kuma (ka gane, kada ka sa in faɗa) wuta ta mutu, sai toka.

Matata Ige ce ta matsa mini na je ɗakin magani na En'e a Wurno. Malamin asibitin ya ba ni maganin tsargiya, sannan ya rufe ƙofa ya ce, "Baba, akwai wani nama can ƙasa da ka riƙe mahitsara. Shi na ya saki. Ka matse kamar kana riƙon iska gaban surukai, kamar kuma kana tsai da hitsari. Ban da matse ciki, ban da riƙe lumhwashi. Ka ƙirga biyar ka saki. Sau goma da sahe, goma da rana, goma da marece. Wata ukku. Har wancan zance na ɗaka shina gyarawa."

Na ce, "To mi za ni sha?"

Ya ce, "Babu."

Na fito ina tsaki. A wajenmu magani sai ya yi ɗaci, ko wanzami ya tsaga ya zubar da jini. Ina ni ina zaman matse gindi kamar kaza za ta yi ƙwai? Ranar kasuwar Achida na sayo sassaƙe wajen wani mai magani, baƙi ƙirin, ɗaci har ƙeya. Na ce yauwa, ga magani.

Ana nan sai auren ya taso. Wana ya rasu, ni ne babba a gida, ni ne waliyyi. Wannan shi ne karo na farko da dangi suka sa ni gaba, kuma ina son su ci gaba da sa ni. Da safe na shanye ƙwarya guda ta jiƙon nan, wai don ya riƙe ni (ashe kora yake yi, ba riƙo ba). Na sa farar riga da farin wando, na hau jaki.

A ƙofar gidan Liman aka taru. Don girmamawa, tsohon ya jawo buzunsa na salla ya shimfiɗa mini. Na zauna ina hura hanci. Aka yi siga, na bayar da yarinya, aka shafa fatiha. Marata kuwa ta cika tam. Sai na kusa da ni ya buɗe battar tabarsa, iska ta kwaso garin ta watsa mini a hanci.

Atishawa uku na yi. Jama'a suna yi mini addu'a, ni kuwa ina jin ɗumi yana bin cinyata. Wannan karon ba ɗigo ba ne.

Na baza riga na rufe. Aka raba goro, mutane suka fara tashi, ni ina zaune kamar an dasa ni. Na gaisa da wanda na sani da wanda ban sani ba. Har ladan ya kira Azahar.

Liman ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, a taimaka mini da buzuna."

Na miƙe. Dangin ango suna nan, ƙannena suna nan. Farin wando ba ya rufa asiri. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Liman ya naɗe buzun da kan sandarsa, ya ce a hankali, "Lalura ce. Allah shi sawwaƙe." A kan ƙasa ya ja salla ran nan.

Taubashina ne kaɗai ya raka ni wajen jaki. Ya ce, "Bana gulbin Rima ya kawo ruwa da rani."

Da na isa gida Ige ta karɓi wandon ta wanke. Sai da ta shanya shi ta ce, "Shekara biyu ina wankinga, ko uwata ba ta ji ba. Kai ka tahi Goronyo ka kai labarin da kanka."

Washegari na fara matsewar da na raina. Ina bakin rijiyar albasa ina yi, ina zaure ina yi, ba wanda ya sani. Kafin ruwan fari ya sauka alwalata ta fara kai ni La'asar. Ige ma ta daina juya mini baya.

Jiki ya dawo, amma buzu bai dawo ba. Aure shida aka ɗaura a gidanmu bayan wannan, ƙanena ne waliyyi, ni sai a aiko mini da goro. Na nemi magani mai ɗaci, kuma na samu, har yau ina jin sa a baki.

Kai fa, wane magani aka faɗa maka ka ƙi, don kawai ba a ƙwarya ya zo ba?