Korau Ya Kama Hanya

A garinmu akwai wani bawan Allah da ake ce wa Korau. Ba mahaukaci ba ne, kada wani ya je ya ce ni na faɗa. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta shiga kunnensa haka take zama, ba ta lanƙwasa. Yana da mata, Lantana, mai haƙurin da ni dai ban taɓa ganin irinsa ba, da 'ya'ya mata biyu. Damina ta rushe musu gida, suka rasa inda za su sa haƙarƙarinsu. Lantana ta je ta yi wa kawunta Malam Ilu kuka, don shi ke kula da lambun shaƙatawa na bakin kogi, mai doguwar hanyar nan ta bulo da aka shimfiɗa wa masu tattaki da masu keke. Ya ɗauki Korau lebura, ya ba su ɗakin da ke jikin ƙofar lambun. Ya ce, "Ɗakin na mai aiki ne. Ranar da aiki ya ƙare, ranar zan karɓi makulli." Lantana ta shiga addu'a, don ta san mijinta.

Wata rana da yamma Korau ya ga mutane suna ta shigowa, ba saye ba sayarwa. Abin ya ɗaure masa kai. Ya ce, "Kawu, waɗannan me suka zo yi?" Malam Ilu ya ce, "Shan iska mana. Kai dai ka tabbata kowa ya sha iskarsa cikin jin daɗi." Korau ya ruga ɗaki ya kwaso kofunan Lantana, ya bi benci benci yana miƙa wa mutane kofi wayam. Wani dattijo ya leƙa ciki ya ce, "Ina ruwan?" Korau ya ce, "Iska ce, Baba. Shanye in ƙaro maka." Ya kuma tsaya a kansa sai ya ga ya kai baki. Rabin kofunan ba su dawo ba.

Wata rana aka dasa 'ya'yan mangwaro a gefen hanyar. Malam Ilu zai fita ya ce, "In ka gama ban ruwa, ka kashe famfon." Korau ya daɗe yana kallon famfon nan, ya rasa laifin da ya yi. Har ya ji tausayinsa. Amma Kawu ne ya faɗa, sai ya ɗauko gatari. Ruwa ya yi tsiri sama, ya kwashe dashen kaf. Malam Ilu ya dawo ya tarar da shi jiƙe sharkaf, yana haƙa wa kan famfon rami. Ya ce, "Me ka yi haka?" Korau ya ce, "Na kashe shi, Kawu, amma jinin ya ƙi tsayawa." Malam Ilu ya dafe kai ya ce, "Albarkacin Lantana ka ci. Saura ƙiris."

Wata rana suna zagaye suka isa kwanar da hanya ta matso gaɓa. Malam Ilu ya leƙa ya ce, "Kogin nan yana cin hanyarmu ta ƙasa. Allah dai ya kai mu rani a gyara." Nan fa Korau ya ƙara ruɗewa. Ya san kogi yana da baki, tunda kowa bakin kogi yake cewa, amma bai san har ci yake yi ba. Wanda ya kai ga cin bulo kuwa, ai yunwarsa ta yi tsanani. Tun daga ranar ɗumamen gidan ya fara ɓacewa, Lantana tana ta zargin kuliyar maƙwabta. Kogi kuma bai ƙoshi ba.

Wata rana, Asabar ce, mutanen unguwa suka shirya babban tattaki, aka kawo kulolin waina da miya don a ci in an dawo. Korau ya ga abincin da zai ishi kogi. Jama'a na can bakin ƙofa ana jawabi, ya kinkimi kulolin zuwa kwana ya juye su tas. Da Malam Ilu ya ji, sai ya nufi ɗakinsu. Ya karɓe makulli daga hannun Lantana, ya ce ta ɗaure kayanta. Ya juyo ya daka wa Korau tsawa, "Kai kuma kama hanya! Kama hanya, na ce!"

Korau ya ce a ransa, ashe Kawu ma ya gane abinci ba zai yi ba, sai an riƙe hanyar. Ya zura da gudu, ya kwanta rub da ciki dab da kwanar, ya baje hannu da ƙafa ya rungume bulo. Masu tattaki suka iso, mata da tsofaffi da yara a kan keke, suka yi cirko-cirko. Aka ce, "Malam, tashi mu wuce." Ya ce, "An ce in kama." Aka ja ƙafarsa, ya ƙara ƙanƙamewa. Ana cikin wannan ja-in-ja sai ƙasa ta yi wata irin ƙara, hanyar da ke gabansu ta tsage ta rufta cikin kogi har da benci. Wata mata ta rungume ɗanta ta fashe da salati.

Korau ya ɗago kai, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Kawu. Na kama, wallahi na kama, amma ya fi ni ƙarfi." Malam Ilu ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna da wa yake magana, ya rufe. Ya koma ƙofa ya danƙa wa Lantana makulli.

Ta kwance kaya, ta yi shara, ta ɗora tukunya. Har la'asar ba Korau. Ta bi sawu ta same shi kwance inda aka bar shi, don duk cikin taron nan babu wanda ya tuna ya ce masa ya saki.

Ta ce, "Maigida, saki haka nan, mu je gida."

Ya ce, "Wane gidan?"

Ta nuna masa makulli ta ce, "Namu."