Jirjir Mai Hatimi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma walimar nan ta unguwar Alsahafa a Khartoum ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

Watana huɗu ke nan da zama mufattish, wato mai duba lafiyar abinci. Kakana auduga ya tsinta a Gezira har bayansa ya tanƙware, ni kuwa ga ni da riga mai guga da jakar takardu, ina tafiya kamar ni na gina gadar Bahri. A makon ne na rubuta wa wani ƙaramin lambu a Soba takardar hana kai ganye kasuwa, saboda ba shi da ɗakin wanki mai tayil. Mai lambun ma ban gan shi ba, maƙwabcinsa na bar wa takardar. Washegari na je wani babban kamfani, aka ba ni kujera mai laushi da lemo mai sanyi, na buga musu hatimi. (Gonarsu? Na gan ta sosai, a hoton da ke jikin bango.)

Ranar Juma'a aka ɗaura auren abokina. Muka zauna mu shida a kan faranti guda, ga nama, ga gurasar kisra, ga salatin ganyen jirjir da tumatir. Wani ya yi kuskuren tambayata aiki, shi ke nan bakina ya buɗe. Na ce ƙananan manoman nan su ke kashe mutanen Khartoum da ƙazanta, ni ba na cin ganye sai na leda mai hatimi. Da ango ya ce ai wannan daga kamfani aka sayo, na ɗebo na cika baki, na ce su ji bambanci, wannan shi ne noman ilimi.

Akwai wani dattijo mai farar jallabiya a gefena, tun da na fara, sai tura mini nama yake yi. Da na tsaya shan iska ya ce, "Ustaz, jirjir ɗin ya yi daɗi?"

Na ce babu kamarsa.

"Alhamdu lillahi, ni na shuka shi. Motar kamfanin kullum a lambuna take lodi, su leda ce tasu. Da ina kai rabi kasuwa, amma ranar Litinin wani mufattish ya hana ni. Yanzu duka su nake ba wa, a farashin da suka ga dama."

Ango ya raɗa mini cewa Baba Haruna ne, kawun amarya. Da ƙyar na ce ma'aikatanmu suna da yawa, ba kowa na sani ba. Dattijon ya yarda, har ya yabi rubutun mutumin, ya ce abin mamaki ma sunansa irin nawa ne.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana biyu na koma Soba, na zagaya lambun da ƙafata. Da ruwan rijiya garau yake wanke kayansa. Sai da na yi sati uku ina zarya tsakanin ofisoshi kafin a soke takardar da na rubuta cikin minti biyar.

Tun daga ranar, in an ajiye faranti a gabana, sai na tambayi sana'ar kowa kafin in fara wa'azi.