Irin Kuɓewar Surukata

Ko duk abin da ya taɓa faruwa da ni zai goge daga kaina, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tafi Kusada da niyyar zama manomin lambu ba. Har yau in aka ajiye mini tuwo da miyar kuɓewa sai na ɗan yi jim kafin in sa hannu.

Ni mai gyaran waya ne a Kankiya, ɗan tela kuma jikan tela. A gidanmu babu wanda ya taɓa shuka ko da albasa a gwangwani. Amma shekarar da tumatir ya yi tsada har miyar gidana ta koma ruwan ja, sai na shiga kallon bidiyon masu lambu a waya. Ban daɗe ina kallo ba na ji a jikina na ƙware. (Abin da ban lura ba shi ne, duk masu bidiyon nan sai an riga an share musu fili sannan ake kunna kyamara.)

Na kai maganar wajen surukina Malam Garba, mahaifin matata Rabi. Ya saurare ni har na gama, ya ce garkarsu ta bayan gida, mai rijiya a tsakiya, rabinta ciyawa ta cinye tun da gwiwa ta fara damunsa. Ya ce in ɗauki wannan rabin in gyara, amma in bari sai ranar da yake gida ya nuna mini. Na ce to. A raina kuwa na ce ciyawa ai ba sai an gabatar mini da ita ba.

Gaskiyar magana, ba tumatir kaɗai nake nema ba. Sauran surukan gidan manoma ne, da kaka kowa zai aiko da damin gero ko buhun gyaɗa, ni kuma in na zo sai a miƙo mini wayar da ta faɗa ruwa. Abin yana ci mini rai. Shi ya sa da gangan na zaɓi ranar da na san Malam Garba zai tafi ɗaurin aure garin Boko, don ya dawo ya tarar da garka fes, ya san 'yarsa ba rago ta aura ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata ku sani game da Inna, surukata. Rabi 'yar fari ce, don kunya Inna ko sunanta ba ta faɗa, balle ta yi magana da mijinta. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin fuskarta gaba ɗaya ba. In muka yi kiciɓis a zaure sai in durƙusa in gaishe da ƙasa, ita kuma ta juya ta amsa wa bango. Da ɗanɗanon furarta na san ta, kuma a haka muke zaman lafiya. Ranar nan ita kaɗai ce a gidan.

Na isa da hantsi a kan babur, da buhu cike da sababbin kayan aiki: adda, lauje, fartanya, manjagara, har da safar hannu. Na yi sallama daga zaure, aka amsa daga can ciki, na zagaya baya. Garkar ta rabu biyu. Gefe ɗaya ciyawa ce har gwiwa, cike da ƙarangiya. Ɗaya gefen kuma wasu dogayen karare ne busassu, sun fi ni tsawo, babu ganye, kowanne ɗauke da wasu abubuwa masu kama da ƙahon akuya, duk sun yi baƙi sun tsattsage. Na dubi nan, na dubi can, na yanke hukunci cewa wanda ya fi muni shi ne wanda aka yi watsi da shi. (In faɗi gaskiya, ƙarangiyar ma ta taimaka wajen yanke hukuncin.)

Na zare adda na hau sara. Karare suna zubewa, ni kuwa daɗi ya cika ni, har ina mamakin yadda mutane ke cewa noma da wuya. Ban yi nisa ba na ji gyaran murya a bayan danga. Na saki adda na durƙusa, na sunkuyar da kai kamar yadda ya dace da ɗan mutunci. Da na ɗago, sai ga ƙwaryar fura a bakin ƙofar danga. Na ce Allah sarki Inna, tun yanzu aiki ya burge ta. Na shanye tas, ƙarfi ya ƙaru, na koma sara.

Can aka sake gyaran murya, wannan karon mai tsawo, har da ɗan tari. Na sake durƙusawa. Sai ga tuwon dawa malmala har da ƙari, tun rana ba ta yi tsaka ba, irin wanda in mutum ya ci sai barci. A gefensa an shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, an ɗora matashin kai. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce a raina baiwar Allah nan tausayina take ji, to ni kuwa yau zan nuna mata ba a banza ta ba ni 'ya ba. Na ci tuwon a tsaye, ko kallon matashin ban sake yi ba.

Da azahar na tafi masallaci. Na dawo na nemi addata sama da ƙasa, babu ita. Na ɗan yi tsaki a kan halin mutanen zamani, na buɗe buhu na ciro lauje. Da na je ɗebo ruwa a rijiya na dawo, laujen ma ya yi ƙafa. Duk mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na naɗe hannun riga na shiga tumɓuke sauran da hannu, ina jin kaina kamar jarumi. Ina jin motsi a bayan danga, ana kai da komo, har da salati ƙasa-ƙasa, na ɗauka sa mini albarka ake yi.

Na jawo kararen nan kaf, na bi da su ta cikin ciyawar ɗaya gefen, ina ja ina kakkaɓewa, na tara su tsibi guda. Saura wuta. Ashana tana aljihuna tun safe, amma na ƙi ƙyastawa, na tsaya jiran 'yan kallo. Bayan la'asar na ji ƙarar babura, Malam Garba ya dawo daga Boko tare da ƙannensa da wasu dattawan unguwa, duk cikin manyan riguna. Da suka hango babur ɗina sai suka zagayo baya. Na gyara tsayuwa, na goge gumi yadda kowa zai gani, na ƙyasta.

Busasshen kara ba ya jira. Nan take wuta ta kama, ƙahonnin nan suka fara fashewa tas-tas. Sai ƙofar danga ta buɗe da ƙarfi. Inna ce, da tulu a hannu, mayafi ya zame, tana gudu irin wanda ban san tana iyawa ba. Ta sheƙa ruwan a kan wutar, rabi ya sauka a wandona. Sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na shigo danginsu.

"Kai ɗan nan, mi na yi maka?" in ji ta. "Irina ne. Irin kuɓewar uwata ne, da shi na taho daga garinmu Kunduru."

Sai kuma ta tuna da wanda take magana. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma ciki da sauri, ta bar tulun yana gangarawa.

Ni dai kuɓewa a ɗanye na san ta, ko a cikin miya. Ban taɓa sanin ana barin mafi kyawunta ta bushe a kan kara don a samu abin shukawa baɗi ba. Malam Garba ya dubi filin da na share, ya dubi tsibin, sannan ya nuna ciyawa mai ƙarangiya da sandarsa.

"Ai naka rabin ga shi can," ya ce a hankali, "lahiya lau yake, ko taɓa shi ba ka yi ba."

Ɗaya daga cikin ƙannensa ya juya baya kamar yana duba danga, amma kafaɗunsa sai rawa suke yi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. A gaban dattawan nan na durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar toka ina tsintar abin da bai ƙone ba, da jiƙaƙƙen wando, har aka kira magariba. Abin da na samu bai cika tafin hannu ba, shi ma rabi ya babbake.

Da na koma gida na ba Rabi labari, ta yi dariya har ta riƙe ciki a wajen matashin kai. Da na zo kan wutar sai ta yi shiru. Ta ce doguwar kuɓewar nan mai yauƙi ba a samun irinta a kasuwa, kuma ita kaɗai ce abin da ya rage wa Inna daga hannun mahaifiyarta. Wannan shirun ya fi mini dariyar dattawa ciwo.

Malam Garba bai janye kyautarsa ba. Na koma na share rabin nawa na gaskiya, ƙarangiya ta rama wa kowa a jikina. Na yi kwami, wato ramukan dashe, na dasa tumatir, na yafa alayyafo, na shiga ban ruwa. Ba a daɗe ba wasu tsirrai masu faɗin ganye suka fito ko'ina, a cikin kwami, a kan kunya, har bakin rijiya. Wannan karon ban taɓa komai ba sai da na kira surukina. Ya duƙa ya duba, ya yi dariya har da tari. Ashe jan kararen da na yi ina kakkaɓewa, iri nake zubarwa a duk inda na bi.

Ko ɗaya ban cire ba. Kuɓewa ta tashi ta rufe tumatir ɗina, ya yi rawaya ya mutu ina kallo. Na zama mai ban ruwan kuɓewar Inna, ina taka babur daga Kankiya ina komawa, abokaina na kasuwa suna tambayata yaushe za su ci tumatir.

Ranar da ƙahonnin suka bushe suka fara tsagewa, na shiga garka kamar kullum, sai na ji gyaran murya a bayan danga. Na durƙusa. Da na ɗago, ga ƙwaryar fura, ga tabarma a inuwar dalbejiya, ga matashin kan nan dai. Na shanye furar, na cire takalmi, na miƙe a kan tabarma na rufe ido. Ina ji aka buɗe ƙofar danga a hankali, aka shiga tsinkar iri, ban motsa ba har aka gama.

Abin da na koya a lambu ke nan, tun da tumatir dai bai yi ba: in surukarka ta ajiye maka matashin kai da rana, kada ka yi jarumta, ka kwanta.