Kunkuru a Gwanjon Lofe

"...Gajiya kam babu, Ɗan Kawu. Ya asara?"

"Ke dai har yau ba ki iya gaisuwa ba. Mutane na cewa ya aiki, ke kina cewa ya asara."

"To ai kowa da sana'arsa ake gaishe shi."

Direba ta ture wani guntun katako da ƙafa, ta kakkaɓe benci, ta zauna ta ɗora jaka a cinya. Koyar da tuƙin mota ne aikinta, shi ya sa duk dangi ke kiran ta Direba. Mai shagon kuwa, Kafinta, ɗan yayan mahaifiyarta ne, taubashinta, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba su tsokani juna ba. Yau ta same shi tsaye gaban teburin aiki, zarto a yashe, gam ya bushe a gwangwani, ya jingina waya da guduma ya ƙura mata ido.

Lofe ne ya hana shi aiki, irin tukunyar shan tabar nan ta itace. Mahaifinsa, wanda ita take kira Kawu, ya daɗe da barin taba bisa umarnin likita, amma bai rabu da lofensa ba. Haka yake saƙala shi a baki, ba taba ba wuta, yana sauraron rediyo, in zai ba da labari ya zare shi ya nuna mutum da shi. Wajen tashi daga tsohon gida lofen ya ɓace. Tun daga nan tsoho ya zama shiru-shiru. Ya tauna murfin biro, ya tauna bakin cokali, daga baya ya daina ba jikoki labari, wai bakinsa ba ya buɗuwa. An sayo masa sababbi, ya jujjuya ya mayar. Nasa baƙi ne, mai lanƙwasasshen wuya da zoben azurfa, an daina yin irinsa. Sai a shafin gwanjo na intanet irinsa ke fitowa jefi-jefi, kuma duk wanda ya fito, Kafinta zai taya, wani ya ɗauke. Na yau ma da yammar nan za a rufe tayinsa.

Abin da Kafinta bai sani ba, ita ma Direba ta yi rajista a shafin da sunan Kunkuru. Tun ranar da aka sa lofen take leƙa shi, ba ta taya ko sau ɗaya ba. Ta yanke iyakar abin da za ta iya biya, ta ɗora ɗan ƙari a kai saboda masu tsayawa a kan cikakken kuɗi, ta rubuta ta ajiye. Dannawa kawai ta rage. Wayar na nan ɓoye a bayan jakarta.

"Wa ya ce miki asara nake yi?" in ji Kafinta. "Taso ki ga sunana a sama. Zakin Gwanjo."

"Wancan karon ma a sama na bar ka. Da na dawo na tarar kana huce haushi a kan ƙofar mutane, ka goge ta har ta kusa zama takarda."

"Wancan ai ni na bar musu. Da na sake duba hoton sai na ga tsaga a gindinsa."

"Na kafinsa fa?"

"Warin bakin mai shi na ji."

"Ta waya?"

"Hancin kafinta ne wannan, 'Yar Gwaggo. Ke da hayaƙin mota ya toshe naki ba za ki gane ba."

"To wanda ka rantse ko zarto za ka sayar sai ka mallake shi?"

"Shi kam Allah ne ya tsare ni. Na ji a jikina na wani mamaci ne, kuma bai yafe ba."

"Amma duk hotunansu na nan a wayarka. Matarka ta ce kullum sai ka buɗe ka yi musu ta'aziyya."

"Ita ma kin saye ta ke nan."

Wayarsa ta yi ɗan ƙara, alamar wani ya ɗora a kan tayinsa. Kafinta ya zabura har ya ture gwangwanin ƙusa.

"Kin gan shi ko? Mai Hayaƙi! Wannan mutumin ba shi da aikin yi ne? Ba shi da iyali?" Ya danna da babban yatsa kamar mai kashe kiyashi. "Yawwa. Na koma sama. Ni dabarata ɗaya ce, tsoratarwa. Ya ɗora, kafin ya sauke yatsa na ɗora. Ya shiga wanka, na ɗora. Ya zauna cin abinci, na ɗora. Sai ya gane da aljani yake karawa."

"Shi ya sa kuɗin ke ta hawa, mai kayan yana can yana sa muku albarka. Kai irin 'yan koyon nan ne da ba su san mota na da birki ba. Totur kawai, sai an ji ka a kwata."

"Ke ce mai maganar birki? Wa ya rushe katangar mai wanki a layinku?"

"Ɗalibina ne."

"Wa ke zaune a gefensa?"

"Ina duba madubi a lokacin."

"Kina duba jan baki dai."

"Katanga ɗaya na rushe, kuma an gyara. Kai kujerar da ka yi wa Inna, tunda ta zauna ta tashi da ita manne a zani, har yau a tabarma take zama."

"Ƙaunar kujerar ce ta riƙe ta."

Direba ta gyara zama, ta saci kallon agogon da ke ƙirga lokaci a fuskar wayarsa. Ya yi ƙasa sosai. Ta ɗaure fuska.

"Bari in ba ka darasi kyauta, don dai kai ɗan kawuna ne, kuma abin tausayi. Ka san iyakarka tun kafin ka shiga. Ka yi shiru, kada kowa ya san kana so. Sai lokaci ya zo gab da ƙarewa, ka sa naka sau ɗaya, yadda ba mai samun sukunin ramawa. In ka samu, madalla. In wani ya fi ka, ka sha ruwa ka koma kan zartonka."

"Wannan ai sanɗa ce. Dabarar matsorata. Namiji a fili yake tayi."

"A fili kuma yake kuka."

"Ni na taɓa kuka?"

"Garin katako ne ya faɗa maka a ido, na sani. Duk ranar gwanjo yake faɗawa."

Wayar ta sake ƙara. Ya ɗora. Kafin ya gama murmushi ta ƙara yin wata. Ya ɗora, yana gumi. Da ta yi ta gaba sai yatsansa ya tsaya a sama. Ya kalli abin da Mai Hayaƙi ya sa, ya kalli rufi, ya sauke hannu a hankali ya goge shi a riga.

"Zaki, ya aka yi? Ga nama can ana tafiya da shi."

"Ai dama," ya ce, muryarsa ta sauka, "in kin lura wuyansa ya cika lanƙwasa. Kamar ƙugiya. Zai iya tsone wa tsoho ido."

"Haka ne."

"Zoben ma ba na jin azurfa ce."

"Gwangwanin madara ne."

Ya jawo kujera ya zauna. Da ya sake magana ba wasa a ciki.

"Jiya na je gaishe shi, na tarar ya karyi tsinken tsintsiya ya sa a baki. Ya ce mini, 'Har yanzu dai?' Na ce wannan karon zan kawo. Da bakina na faɗa, 'Yar Gwaggo. Iya ƙarfina ke nan na sa."

Saura kaɗan ta gaya masa. Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Sai ta tuna wanda take tare da shi: yanzu zai yi ihu, ya fizge wayar, ya danna tun lokaci bai yi ba, Mai Hayaƙi ya samu damar ramawa. Ta haɗiye. Agogon ya koma ja. Ta zura hannu bayan jaka, ta ɗora yatsa, ta riƙe numfashi kamar yadda take yi in ɗalibi zai shiga tsakanin manyan motoci biyu. Ta bari, ta ƙara bari, har sai da ta ji in ta ƙara za ta makara. Ta danna.

Wani ɗan zobe ya shiga juyawa a fuskar wayarta. Ya juya, ya juya. A ranta ta ce, netwok, in ka ci amanata yau, ni da kai har abada. Sai zoben ya ɓace, fuskar ta koma kore.

Kafinta ya miƙe tsaye, ya kai wayarsa dab da hanci.

"Kunkuru? Wane ne kuma Kunkuru? Daga ina ya faɗo?"

"Me ya faru?" ta tambaya, tana cizon leɓe.

"An rufe! Ba ni ba, ba Mai Hayaƙi ba. Wani ne can da bai taɓa cewa uffan ba. Mu muka sha rana, shi ya zo ya ɗauke!"

"Kai, amma bai kyauta ba. Wane irin mutum ne wannan, a ganinka?"

"Na san irinsu. Wani ƙaton mai tumbi ne, kwance a kan kujera, ƙafa a kumbure. Ba ya gaisuwa. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza."

"Yana da kyau?"

"Mummuna ne! Wuya kamar na sunansa. Haƙoransa duk taba ta cinye."

"Ai sai ka yi masa addu'a."

"Allah ya sa lofen ya toshe! Allah ya sa gara ta shiga ta cinye shi tun a hanya! Duk wanda ya sa shi a baki, Allah ya sa ya yi ta atishawa har..."

"A'a, dakata nan. Ka san bakin wa zai shiga kuwa?"

Ta zaro wayar daga bayan jaka, ta miƙa masa har gaban ido. Ya karanta. Ya ja baya, ya murje ido, ya sake karantawa. Ya dube ta, ya dubi wayar.

"Ke ce Kunkuru?"

"Mai tumbi, mai kumburarriyar ƙafa. Gaishe ni."

"La ilaha... Na janye! Ya Allah, na janye ta garar, na janye ta atishawar!"

"Ta munin fa?"

"Wannan ba addu'a ba ce, shaida ce."

Direba ta miƙe, ta zagaya teburin tana taku ɗai-ɗai, tana kaɗa makullin mota a yatsa. Daɗi ya cika ta har ba ta san ta taka ƙusoshin da suka zube ba.

"Sau ɗaya, Ɗan Kawu. Yatsa ɗaya, dannawa ɗaya. Ko zufa ban yi ba."

"Don na gajiyar miki da Mai Hayaƙi ne. Ni na kwashe masa ƙarfi, kika zo kika tarar da shi a kwance."

"Kai ka tsauwala mini kuɗin dai. Da ka yi barcinka, da rabin haka na saya."

"To ai duk ɗaya ne. Abin 'yar gwaggo na ɗan kawu ne. In ya iso ki kawo, ni zan kai wa Baba."

"Ka kai masa hotunan wayarka."

Ta lalubo lambar tsohon, ta buɗe murya yadda shi ma zai ji. Da aka ɗauka ta rusuna kamar yana gabanta.

"Kawu, barka da yamma. Albishirinka. An samu lofe."

Muryar tsoho ta fito. "Baƙi?"

"Baƙi wuluk."

"Da zoben?"

"Da zobensa, da lanƙwasarsa."

Sai suka ji abin da suka daɗe ba su ji ba, dariyar Kawu, mai haɗe da tari. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Shi wancan mai rantsuwar yana ina?"

"Ga shi nan, Kawu. Ya taimaka ƙwarai. Shi ya riƙe mini jaka."

"Baba, ƙarya take yi, ni na..."

"Ku zo tare," in ji tsoho. "Ita ta riƙo lofen, kai ka buɗe mata ƙofa."

Ta kashe wayar. Kafinta ya tsaya riƙe da ƙugu yana hararar ta, yana ƙoƙarin ɗaure fuska. Kumatunsa suka ƙi ba shi haɗin kai. Dariya ta ƙwace masa, ya dafa teburi yana yi har da buga ƙafa, ya share ido da bayan hannu.

"Garin katako ne?" ta tambaya.

"Garin katako ne. Shi ke nan, Kunkuru, na sallama."

Ya taka kujera, ya miƙa hannu can saman kantar kaya, ya sauko da wani ɗan katako ja mai sheƙi. Ya hure ƙurar, ya shafa shi, ya ciro fensir daga bayan kunne.

"Wannan ko masu kuɗi sun tambaya ba na sayarwa. Duba mini tsawon lofen a wayarki. Akwati zan yi masa, mai murfi, da ƙyalle mai laushi a ciki. Sunanki zan sassaƙa a sama, kowa ya gani."

"Naka fa?"

"A ƙasa, ta inda ake ajiyewa."

Direba ta karɓi katakon, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da makulli kamar ta san abin da take nema. Ta mayar masa.

"Na yarda. Amma naka da fensir za ka rubuta."